Gawar da Take Amsa Gaisuwa

A ƙauyenmu zazzaɓi yana da iyaye da yawa. Wani ya ce ɗanyen mangwaro ne, wani ya ce dukan ruwan sama, wani ya rantse maƙwabciya ce ta kalle shi da gefen ido. Sauro kuwa, da yake kwana yana mana waƙa a kunne, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa.

Baba Mai Faci yana da rumfa a bakin hanya: famfon iska, gam, da tsohon baho da yake tsoma roba ya ga inda take fitar da kumfa. Taurin kai ne jarinsa. Ka ce masa taya ta mutu, sai ya ɗora faci a kan faci don kawai ka ji kunya.

'Yarsa Auta tana aure a ƙarshen layi, gidan Direba. Cikinta na fari, zazzaɓi ne ya zubar da shi. Da ta samu na biyu, a wurin awo aka ba ta gidan sauro fari fat, aka ce kada ta kwana ba shi. Uwar Direba ta warware shi, ta yi salati.

"Likkafani a ɗakin mai ciki? Ga fari, ga kusurwa huɗu kamar kabari. Ba a gidana ba!"

Direba yana kan hanya, kuma ko yana nan, a gaban uwarsa hon ɗinsa ba ya ƙara. Aka mayar wa Baba da gidan sauron a leda.

Ya je, ya gaida surukarsa da ladabi, ya ce, "Ranki ya daɗe, wancan karon mun bi naku. Wannan karon a bi na asibiti."

"Malam, ku riƙe facinku, ni in riƙe gidana. Duk wanda ya kwana a wannan abin, ya kira mutuwa da bakinsa."

"To, bari in kira ta mu gani."

Da yamma sai ga shi da gadon katako a ka. Ya dasa shi a ƙofar gidan, ya kafa sanduna, ya ɗaure gidan sauron da igiyar tsohuwar taya, ya shige.

Da safe rabin layin ya fito kallon gawa. Mai Aski ya leƙa ya ce, "Baba, ya kwanan kabari?"

"Lafiya lau, ko haya ba a karɓa. Kai fa, wa ya yi maka kaca-kaca da goshi haka?"

Mai Aski ya daina susa, ya wuce.

Haka aka yi ta yi. Ya wuni a rumfa, ya dawo ya shige likkafaninsa. Auta tana turo masa ruwa, tana roƙo ta bayan ƙyaure: "Baba, don Allah ku koma gida, kunya za ta kashe ni."

"Kunya ba ta zubar da ciki. Koma ki zauna."

Ranar da ruwan sama ya yi masa jagab, mata suka fara cewa Uwar Direba ta bar suruki a titi kamar buhun gawayi. Ta fito, ta riƙe ƙugu.

"Malam, kun mayar da ni abin zance."

"Ranki ya daɗe, mutuwa nake jira, ta makara."

Ta daɗe tana kallon yadin yana ɗiga. Ta ce, "A shanya shi, a shigo da shi. Amma ni zan kwana da Auta a ciki. In mutuwar ta zo, ta fara da ni."

Baba da kansa ya buga ƙusoshin, tana tsaye tana cewa sun karkace.

Auta ta sauka lafiya bayan damina. Uwar Direba har yau ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta fito daga cikin gidan sauron ba. Da Direba ya dawo, sai da ya sayo wani.