Ranar da Gwaggo ta zauna a kan akwati

Jiya ina dawowa daga ajin yaƙi da jahilci na ji ƙarar keken ɗinki a wani zaure, sai Gwaggo ta faɗo mini a rai. Kowa ya zo mata da gaggawa, abu ɗaya take cewa: "Sha ruwa tukuna."

Wata damina muna da 'yar haya, Rifkatu, Kirista ce mai ɗinki, mijinta yana aikin titi wajen Baure. Cikinta na fari ya tsufa, ta ɗaure kaya za ta tafi goyon ciki Zonkwa. Hadari ya haɗu, mota tana ta hon a ƙofar gida. Gwaggo ta zo ta zauna daram a kan akwatinta.

"Gwaggo, don Allah ki tashi! A gaban uwata nake so in haihu."

"'Yar nan, tun safe nake jin kekenki. Ki taka, ki tsaya, ki taka, ki tsaya. Naƙuda ce ta fara. Ko Kazaure nan kusa ba za ki kai ba. Sha ruwa tukuna."

Rifkatu ta dube ni tana hawaye. Na sunkuyar da kai, na fita na sallami direba. Na tsaya a zaure, ruwa na dukan kwano. Idan wani abu ya same ta, me za mu ce wa mijinta?

Kafin magariba muka ji kukan jariri. Gwaggo ce ta yi mata wankan jego, gidan duk ƙamshin darbejiya da kunun kanwa.

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, ya shayar da ke ruwan Aljanna.