Takardar da Muka Rufe Cikin Tulun Iri

Shekarar da ake haƙar hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ba za ta fita raina ba har ranar da za a binne ni. Ba don jirgin ba. Don wata 'yar takarda ce da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, wadda na karɓo daga ƙofar alƙali na kawo gida.

A lokacin mu biyu ne maza a gidanmu a Kucheri, ni da yayana. Mahaifinmu ya rasu, sai Inna, da matar yayana, da ɗansu na goye. Da damina mu yi noma tare. Da rani shi ya kora jakarsa ya bi kasuwanni da taba da gishiri, ni in tsaya wajen dabbobi. Mutum ne mai yawan ba'a. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum sai Sarkin Barci, don na taɓa yin barci a kan kunya da fartanya a hannu.

A shekarar nan takarda ba abin alheri ba ce a garinmu. Duk ranar da manzo ya kawo wa mai gari takarda, kashegari sai an ɗebi samari zuwa aikin hanyar jirgi. Malamin mai gari kaɗai ya iya duba rubutun boko, mu sauran sai kallo. Uwaye mata suna ganin manzo da abu fari a hannu, sai su fara tura 'ya'yansu daji.

Ana cikin haka wani falke ya zo ya gaya mana an kama yayana a kasuwar Gusau da jakin sata. Muka rasa gane zancen, don shi da jaka ya fita, jaka mai ciki ma. Na kama hanya. Kafin in isa an tashi zaman shari'a. Na hango shi daga nesa dogarai biyu suna tafiya da shi, ya ɗaga mini hannu, amma ba a bar ni na matsa ba. Ina tsaye a ƙofar zaure sai magatakardan alƙali ya fito.

"Kai ne ƙanen mai jakin nan?"

Na durƙusa na ce ni ne.

"Karɓi. Ka kai wa mai garinku, kada ka tsaya wasa. Nan da kwana goma sha biyar ku dawo, ranar za a yanke hukunci."

Ya juya ya koma ciki. Da a ce na buɗe baki na ce, "Malam, me ta ƙunsa?" da ya gaya mini. Na san da ya gaya mini, don daga baya na ga ba mugun mutum ba ne. Amma ni ɗan ƙauye ne da bai taɓa taka ƙofar hukuma ba, sai na cusa takardar cikin hula na kama hanya.

Da na isa gida na ciro ta daga hula, Inna ta ja da baya kamar ta ga kunama.

"Wa suka ce ka kai wa?"

"Mai gari."

"Na sani! Ɗaya na hannunsu, yanzu sun aiko a kawo musu na biyun. Wallahi ba ta zuwa."

Matar yayana ta ce a hankali, "Inna, a kai dai, ko a ji mi ta ce."

Inna ta juyo mata. "Ke yi mini shiru. Ke miji za ki rasa, ki sake wani. Ni ɗiya biyu gare ni duk duniya."

Ta ɗauko tulun da muke ajiye irin gero, ta fasa murfin, ta sa na jefa takardar ciki, ta kwaɓa laka ta sake liƙe bakin. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa biyayya na yi wa uwa. Yanzu da furfura ta fito mini, gaskiya ita ce na ji sanyi a raina da ta liƙe tulun nan. Ina tsoron aikin jirgi.

Kwanakin nan goma sha biyar mun yi abin da muka sani. Muka yi sadaka, muka sa aka yi addu'a, muka rufe bakinmu don kada gari ya ji. Ranar kasuwar Tsafe na kai akuya, na wuce ta gaban wani tsoho dillalin jakuna, yana zaune gindin tsamiya. Ya san gidanmu tun zamanin mahaifinmu. Ya kira ni.

"Kai yaro, ina yayanka?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Lafiya lau yake, Baba, yana wajen fatauci."

Ya yi dariya ya ce, "Ka ce ina gaishe shi. Ya yi sa'ar jaki, ya zo ya ba ni goro."

Ban fahimce shi ba, kuma ban tsaya ba, don kada ya ƙara wata tambaya.

Ranar hukunci na isa da wuri, aka bar ni na zauna daga baya. Alƙali dattijo ne, yana zaune kan buzu, littattafai a gefensa, magatakarda a ƙasa da alƙalami. Aka shigo da yayana, ya rame. Mai jaki, wani manomi daga Bungudu, yana zaune can gefe.

Alƙali ya maimaita shari'ar tun daga farko, a nan ne na fara jin yadda abin ya faru. Jakin na mutumin Bungudu ne, ya gane shi da tsagar kunne. Mutum biyu sun shaida sun ga yayana yana fita da shi daga garin, an kuma bincika an tabbatar mutanen kirki ne. Shi kuwa yayana ya ce musaya ya yi a bayan gari da wani baƙo, ya ba da jakarsa ya karɓi jakin, don jakar ta yi nauyi ba ta iya kaya.

Alƙali ya dubi yayana ya ce, "Laifi ya tabbata a kanka da shaidu biyu. Amma shari'a ba ta yarda in yanke hukunci ba sai na yi maka i'izari, wato in tambaye ka ko kana da sauran abin da za ka kare kanka da shi. Na tambaye ka, ka ce a gaban wani tsohon dillali na Tsafe aka yi musayar. Na ba ka kwana goma sha biyar, na rubuta wa mai garinku ya nemo shi ya turo mini. Ina yake?"

Sai a lokacin na gane maganar tsohon nan na gindin tsamiya. Yayana ya waiwayo yana duba bayana, yana neman tsohon. Magatakarda ya nuna ni ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wancan na ba takardar."

Na matso da gwiwa. Alƙali ya ce, "Ka kai?"

Na ce ban kai ba. Ya ce don me. Na gaya masa duka, har da tulun. Wani daga cikin masu sauraro ya yi dariya, dogari ya tsawata masa. Alƙali bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, takardar nan ba ɗaukar kowa ta je yi ba. Ɗan'uwanka ta je maido muku." Ya ƙara mana kwana biyar, ya ce daga su babu ƙari.

Ban san yadda na isa Tsafe ba. Na tarar da gindin tsamiya babu kowa. Na je gidan tsohon, ɗansa ya ce mini, "Ai Baba ya bi ayari, ya tafi Makka a ƙasa. Yau kwana huɗu. Da ka zo makon jiya ai kullum yana nan." Na bi hanyar gabas yini guda ina tambaya, ba wanda ya san ta inda ayarin ya ratsa. Na koma Gusau ƙafafuna sun fashe.

Alƙali ya kira mutum biyu su zama shaidun abin da za a faɗa. Ya tambayi yayana har sau uku, yana barin shiru tsakani, "Kana da sauran hujja?" A karon farko ya sunkuyar da kai. A karo na biyu ya dube ni. A karo na uku ya ce, "Babu, Allah ya gafarta Malam."

Sai alƙali ya tambaya ko an taɓa kawo shi gaban shari'a, aka ce ba a taɓa ba. Ya tambayi mai jaki ko yana da magana. Mutumin ya ce, "Ni dai na samu jakina, na yafe masa." Alƙali ya ce haƙƙinsa ya yafe, amma saura haƙƙin jama'a. Ya ce hukuncin irin wannan ɗauri ne da bulala. Saboda karon farko ne, kuma mai kaya ya yafe, ya ɗauke bulalar, ya yanke masa shekara ɗaya. Magatakarda ya rubuta, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Aka gaya masa in bai yarda ba yana iya kai kuka gaba. Amma da wane shaida?

Wannan karon dogari ya bar ni na matsa kusa. Na kasa ɗaga ido. Yayana ya dubi ƙafafuna ya yi murmushi.

"Sarkin Barci, ashe ka iya gudu."

Na fashe da kuka. Ya ce, "Bari, mutane na kallo. Shekara ɗaya ce, kamar yau. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya wa Inna abin da takardar ta ce. Ko bayan raina."

Wata bakwai da tafiyarsa ciwon sanƙarau ya shigo ƙasar, ya ɗebi mutane ciki da wajen gidan yari. Yana cikinsu. Rigarsa kawai aka aiko mana.

Na riƙe alkawari. Inna ta yi shekara tara bayansa, kuma sau da yawa in ina ba ta abinci sai ta dafa hannuna ta ce, "Da ban ɓoye takardar nan ba, da kai ma sun tafi da kai." In ce, "Haka ne, Inna." Ta rasu da wannan a ranta.

Takardar tana wurina. Da aka buɗe ajin manya a garinmu na shiga, samari suna yi mini dariya. Na yi damina biyu kafin in iya haɗa baƙaƙenta. Layi huɗu ne kacal, da sunan tsohon a layi na biyu.

Abin da na koya shi ne, shari'a ta buɗe mana ƙofa har sau biyu, mu muka rufe ta da laka, don tsoro da kunyar tambaya. Yanzu duk wanda ya miƙo mini takarda, ko waye shi, ba na motsawa sai na san me ta ce. Abin da muka rasa kuwa ga shi: jaka ɗaya da ɗan cikinta, noman damina ɗaya, matar yayana da ta koma gidansu, yaro ɗaya da ya tashi ana ce masa ɗan ɓarawo, da yayana.