Zaren Kaset da Jan Farce

A shekarar da korona ta kulle mu, ina zaune a wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar waje, ni da wata 'yar Jos da muke karatun digiri na uku tare. Mijina yana Kano, an rufe hanyar jirgi, littattafan soyayyar da na taho da su a ƙasan akwati kuwa na maimaita su har bangonsu ya fara rabuwa. Ni irin mutanen nan ce da idan na ga mace da namiji suna jiran bas tare, kafin bas ɗin ta iso na ɗaura musu aure a zuciyata.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu tsofaffi ce 'yan ƙasar, mata da miji. Anti muke ce mata, shi kuma Ankul, yadda ake kiran manya a can. Kullum da la'asar sai mu ji fiyano ta bango, a hankali, kamar mai tafiya ba ya son ya tashi kowa. Wata rana sai fiyano ta yi shiru. Kashegari muka ga masu fararen kaya sun sauko da Ankul a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Anti ba ta kamu ba, amma asibiti ba ya barin kowa ya shiga dubiya. Muka riƙa yi mata tapau, wato sayo abinci a leda, daga shagon mamak mai sayar da abinci a ƙasan bene, mu rataye ledar a ƙarfen ƙofarta. Da wa'adin killacewarta ya ƙare, sai ta fara jawo kujera bakin ƙofa, ni ma in jawo tawa, kowa da takunkuminta, baranda a tsakaninmu.

Muryarta a dashe take tun wani aikin maƙogwaro da aka yi mata, sai na kasa kunne sosai nake jinta. A haka ta gaya mini Ankul ya daina cin abinci, ya daina amsa wa nas-nas magana. Wata nas mai kirki ta ce idan akwai wani sauti da yake so, a turo mata ta waya, za ta kara masa a kunne.

"Da ina da murya da na rera masa," in ji Anti. "Ai aikina ke nan da ƙuruciya. Ni ce mai waƙa, shi ne mai fiyano, a otal-otal ɗin garin nan."

Ta shiga ciki ta fito da kaset guda ɗaya. Shi kaɗai ne abin da ya rage na muryarta. Wani mai ganga a ƙungiyarsu ne ya naɗa a lokacin gwaji. Da safiyar ranar ta saka shi a rikoda, rikodar ta tauna zaren ta tsinke shi. Ta miƙo mini shi ta tsakanin ƙarafa, zaren yana reto.

Nan take zuciyata ta rubuta littafi. Saurayi matalauci mai fiyano, budurwa mai murya, iyaye sun ƙi, ya zauna ya tsara mata waƙa da hawaye. Na ce, "Anti, shi ya rubuta miki ita, ko?"

Ta yi dariya har da tari. "Wanda ya rubuta ta ya mutu bai san inda ƙasar nan take ba."

Ranar na fara sanin tarihin waɗannan waƙoƙi. Ta ce a Amurka aka tsara su tun zamanin iyayenta, yawancinsu domin wasannin dandamali da finafinai. An manta da wasannin, waƙoƙin suka rayu, saboda makaɗan jaz, baƙaƙen fata da farare, sun ɗauke su suna juya su yadda suke so. Faifan garmaho da rediyo da ma'aikatan jiragen ruwa suka kawo su nan. Duk makaɗin otal dole ya haddace su, domin baƙo yana iya tashi ya nemi kowace, kuma ba a cewa ba a iya ba.

Abin ya ɗaure mini kai. A wurinmu waƙa tana da mai ita. Idan wani ya rera ta, kwaikwayo ya yi. Na ce, "Ashe ba taki ba ce?"

"Ta kowa ce. Mata nawa suka rera ta kafin ni, wasu duniya ta san su. Amma inda na ja numfashi, da inda na jinkirta, da inda na yi ƙasa da murya, wannan nawa ne. Shi kuma ya san kowane ɗaya, tun da a kansu muka yi ta faɗa."

Ba kallon farko ba ne ya haɗa su, ashe. Rigima ce: shi ya ce tana jan waƙa, ita ta ce yana gudu kamar ana binsa.

Na ce mata, "Ki ba ni rikodar ma. Zai ji shi, in Allah ya yarda."

Shagunan gyara duk a rufe suke, amma ni na tashi a gidan da kaset ba ya mutuwa. Yayana ya koya mana ɗinke zare tun muna firamare: reza, biro, da jan farce. Na shimfiɗa farin mayafi a kan teburin karatu, na kwance ƙananan kusoshin da bakin wuƙa, na ɗaga murfin. Laimar ƙasar nan ta sa fumfuna ta yi fari a gefen zaren. Na samo auduga na riƙe zaren da ita sama-sama, ina juya biro, ina sauya auduga in ta yi datti. Wuni guda na yi a kan haka, kafaɗata kamar za ta ɓalle.

Saura jan farce, ni kuwa lalle nake yi saboda alwala. Na ƙwanƙwasa wa 'yar Jos.

"'Yar Kano, yau kuma? Oga yana can, wa za ki yi wa kwalliya?"

"Ke dai ba ni. Wanda ba shi da kala."

"Sai ja. Ja wur, na zuwa coci." Ta biyo ni ta leƙa teburin. "Kai! Wannan ai tiyata ce. Babi na nawa muke a littafin?"

"Riƙe min nan da farcenki, ki daina numfashi a kai."

Wurin da rikodar ta tauna ya fi tsawon hannuna, ya cukurkuɗe, wani wajen har ya yage. Na gwada miƙar da shi da bayan cokali, ya ƙi. Na koma bakin ƙofa na gaya wa Anti sai an yanke. Ta tambaye ni ko daga farko ne. Na ce a'a, an ɗan yi nisa. Ta ce to tsakiyar waƙar ce. Irin waɗannan waƙoƙi, in ji ta, ana rera baitin farko, a maimaita karinsa, sai a shiga wani kari dabam na ɗan lokaci, sannan a dawo gida. Wannan na tsakiyar shi ne za a rasa.

"Yanke," ta ce. "Ya san abin da ke wurin."

Na yanke bakin biyu a karkace yadda Yaya yake yi, na ɗiga jan farcen kaɗan a bayan zaren, na ɗora ɗaya kan ɗaya, na danne. Muka zauna muna kallonsa yana bushewa kamar masu jinya.

Ɗaukar sautin ma sai da ta ba ni wuya. Igiyar wutar rikodar ta ɓata tun tuni, da batir take aiki. Na ajiye waya a gaban lasifika, jirgin ƙasa ya wuce. Na sake, ruwan la'asar ya sauko da tsawa. Daga ƙarshe na kashe fanka, na shige cikin kabad ɗin kaya da rikoda da waya, 'yar Jos ta rufe ni. A cikin duhu da zufa, tsakanin atamfofina, fiyano ta fara, sai wata murya ta shigo, mai kauri, mai sanyi, ba ta sauri. Na kasa haɗa ta da tsohuwar da nake rataye wa leda. Da aka zo wurin ɗinkin sai sautin ya yi ɗan tsalle, ya wuce. Zaren bai tsinke ba.

Muka tura wa nas. Na kwana ina tsara yadda za a yi: hawaye zai gangaro masa, ya kira sunanta.

Da hantsi nas ɗin ta kira Anti, ita kuma ta buɗe sautin wayar don in ji daga kujerata. Nas ta ce ta kunna masa, ya buɗe ido, ya yi magana, amma tana jin kamar ruɗewa ce. Wai ya ce waƙar ta yi ƙasa, shi bai taɓa kaɗa ta da sauti ƙasa haka ba, a gaya wa mai rikodar ya daina rowar batir.

Anti ta dafe ƙarfen ƙofa tana dariya, hawaye yana jiƙa takunkuminta. "Ba ruɗewa ba ce. Shi ne. Shi ne wannan."

Ni kuwa kunya da haushi suka kama ni. Batir ɗin ya yi sanyi, zaren yana jan ƙafa, ni da ban san asalin waƙar ba na ɗauka haka take da nauyi, har ina cewa shauƙi ne. Na zura hijabi, na sauka. Kedai, wato kantunan ƙasan bene, ba su da manyan batir. Na bi layi a wani, aka auna zafin goshina, na shiga, nan ma babu batir. Sai a na kusa da tashar jirgin ƙasa na samu. Na dawo na sake shiga kabad, ina sane cewa duk wucewar da ɗinkin zai yi ta kan rikoda tana iya zama ta ƙarshe. Wannan karon muryar ta fito da haske, yarinya sosai, har ana jin murmushi a cikinta. Ɗinkin ya sake riƙewa.

Amsar ta zo da yamma. Nas ta ce ya saurara har ƙarshe, yana motsa yatsu a kan bargo. Ya ce yanzu daidai ne, sai dai mai waƙar ta makara wajen shigowa, kamar kullum. Ya kuma tambaya ko akwai kunun shinkafa, ya sha rabin kofi.

"Ban makara ba," in ji Anti, tana kallona kamar ni ce alƙali. "Shi ne yake gudu."

Ya daɗe kafin a sallamo shi, kuma a keken guragu ya dawo, wuyansa kamar na tsuntsu. Da ya ɗan samu ƙarfi ya sa aka turo shi bakin ƙofa, ya ɗaga kaset ɗin yana nuna ɗigon ja ta cikin ɗan gilashinsa.

"Ke ce kika cinye mini tsakiyar waƙa?"

Na ce, "Rikodarku ce ta cinye, Ankul. Ni ɗinki na yi."

Ya ce a mayar da shi ciki. Jim kaɗan fiyano ta taso ta bango, Ankul yana kuskure yana komawa. Wani kari ne da ban taɓa ji ba, sai da ya gangaro ya haɗe da wanda na haddace a cikin kabad sannan na gane tsakiyar waƙar ce, wadda na yanke. Daga bayansa na jiyo dasasshiyar muryar Anti tana cewa ya rage gudu.