Rigar roba da ɗamarar dalma

Ana cewa Hyeon Malsun ba ta jin sanyi. Ƙarya ne. Tana ji kamar kowa, faɗa ce ba ta yi.

Tana 'yar shekara goma sha ɗaya uwarta ta tura ta nutso a teku a ƙauyensu na gabashin tsibirin Jeju, da 'yar rigar auduga da gora da raga. Lokacin sanyi mace ba ta wuce rabin sa'a tana nutso. Sai ta fito leɓe baƙi ƙirin, ta ruga murhun da aka kewaye da duwatsu. Malsun ce kullum ta ƙarshen fitowa, shi ya sa ta shiga sahun manyan masu nutso, masu zuwa can zurfi inda manyan katantanwa suke.

Da rigar roba ta zo aka ce masu nutso sun huta. Wace hutawa? Rabin sa'a ya koma sa'a biyar, sai an haɗiyi ƙwayar ciwon kai kafin a shiga. Ga roba ba ta nutsewa sai an ɗaura ɗamarar dalma a ƙugu, iya kaurin riga iya nauyin dalma. Wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa tuna cewa mace tana tsufa ba.

Bana Malsun ta cika saba'in da shida, jiki ya daina riƙe ɗumi. Cikin siririyar riga, sa'a guda yatsunta sun sandare. Ta ɗinko mai kauri, sai dalmarta ta fi ƙarfin ƙugunta, sau biyu tana durƙushewa a kan duwatsun bakin ruwa.

Bu Chunhwa, shugabar masu nutso, wadda Malsun ce ta koya mata riƙe numfashi, ta tare ta a murhu.

"Yaya, ki zaɓi ɗaya. Siririyar ko mai kaurin?"

"Ke da na tsamo kina majina, ke ce za ki titsiye ni?"

"Majina ta bushe tuni, Yaya. Jiya ƙarfenki na ɓamɓarar katantanwa a ƙasan ruwa na tsinto miki."

Wata ta ce, "Ku ɗaura mata dutsen niƙa ta sauka ta huta!" Aka kwashe da dariya, har da Malsun.

Washegari ta yi dabararta: ta sa mai kaurin, ta ɗaura dalmar siririyar. Ɗumi kam ta ji shi, ƙugu ma ya ɗauka. Amma da ta kifa kai za ta nutse, rigar ta ƙi. Ƙafafu a sama tana ta wutsil-wutsil, ruwa na maido ta kamar goranta. Tana hango katantanwa manne da dutse, kamu biyu tsakaninsu. Sau tara tana gwadawa. Ba wadda ta yi dariya.

A murhu Chunhwa ta ce, ba ta ko dube ta ba, "Daga gobe tekun kakanni, Yaya." Wato ɗan ruwan gefe mai iya ƙirji da ake ware wa tsofaffi. Malsun ta buɗe baki, ta rasa wa za ta zaga. Chunhwa? Roba? Ƙugunta?

Ta jawo ragarta za ta juye 'yar ciyawar tekun da ta samu. Sai ga manyan katantanwa uku a ƙasa, irin na can zurfi. Haka al'adar take, gwana ta jefa wa tsohuwa a raga a ɓoye. Shekara arba'in Malsun na yi wa tsofaffi haka, tana tsammanin ba su gane ba.

Ta rufe su da ciyawa, ta miƙa yatsunta ga wuta.