Kugen da Yaya Ba Ya Ji

Wana ya sayi kibod ɗinsa na kiɗa a kasuwar Circle, na hannu, wajen masu baza kayan rediyo a ƙasa. Ina jin tsakiyar shekarun casa'in ne, domin na riga na gama jami'a ina zaune a gida a unguwar Nima ina jiran aiki, sai dai ba zan rantse a kan shekarar ba. Shi kuwa tun ina firamare yake aikin injin niƙa a kan hanyar Maamobi. Masara, barkono, tumatir, gyaɗa, daga safe har magariba yana tsaye jikin injin, gari har a girarsa. Ya daɗe yana cewa zai bar aikin nan, kuma kibod ɗin ya ɗauka a matsayin hanyar fitarsa.

Akwai wani mai sipika a unguwarmu, irin waɗanda ake ɗauka su kafa kayan sauti a kan titi ranar biki ko suna. Ya ce wa Yaya in ya haɗa kiɗa ɗaya a kaset zai sa shi a wani suna da ke tafe, in mata sun taka, zai riƙa tafiya da shi yana kaɗa kibod a wuraren biki. Har ya ba shi aron wani rikoda mai layi huɗu, wanda ake ɗaukar kowane kayan kiɗa a layinsa daban, daga baya a daidaita ƙarfinsu a juye su a kaset guda.

Yaya ya ɗauki kiɗan shi kaɗai. Ganguna na cikin kibod ɗin a layi na farko, bas mai kaurin murya a na biyu, wata murya mai kama da algaita a na uku, sai kuge a na huɗu, wanda yake bugawa da yatsa ɗaya a can ƙarshen hannun dama. Babu waƙa. Ban san kiɗa ba, amma a ganina ya yi daɗi, musamman wurin da algaitar take tsayawa ta bar bas yana tafiya. Saura daidaitawa, sai ya kira ni.

“Akawu, zo ka ci boko a kan wannan,” ya ce, ya miƙo mini ɗan littafin da ya zo da rikodan. Haka yake kirana tun da na shiga sakandare.

Na ce masa abin da na karanta a jami'a bai shafi sauti ba ko kaɗan.

“Ba Turanci ba ne a ciki? To karanta.”

Na karanta shi daga bango zuwa bango, na sake. Abin da na fahimta bai fi wannan ba: kowane layi yana da maɓallin da ake turawa sama ko ƙasa, kuma kada allurar da ke rawa ta shiga ja. Littafin bai faɗi yadda mutum zai san ya yi daidai ba. Na duba sosai.

Ranakun Lahadi da yamma muke zama, lokacin da injin yake hutu. Mukan kai kayan ɗakinsa, mu ɗora a kan tebur kusa da taga, matarsa tana tsakar gida tana wanki. Ganguna da bas ba su ba mu wahala ba. Kugen ne ya hana mu gamawa. Duk inda na ajiye shi, Yaya zai miƙo hannu ya tura shi sama.

“Ka binne mini kuge, Akawu.”

“Yaya, ina ganin kamar ya ɗan yi yawa. Wataƙila sipikar ce.”

“Wace sipika? Kuge shi ne ƙashin bayan kiɗa. In mata ba su ji shi ba, da me za su taka?”

Ya kai shi ƙarshe. Allura ta kwanta a ja. Ƙarar tana shiga kunne kamar ana kankare tukunya da cokali. Daga tsakar gida matarsa ta ɗaga murya.

“Maigida, don Allah ku tausaya wa haƙorana.”

“Ke yi wankinki, Hajiyar sabulu. Me kika sani a kiɗa?”

“Na san ciwon kai dai.”

Na yi ta tunanin ko ni ne ban iya ji ba. Shi ne mai kiɗan, shi ya taso yana bin makaɗa a unguwa lokacin da ni nake ɗaki da littafi. Na je wajen mai sipika da niyyar tambayarsa, na tarar yana gyaran waya, na gaishe shi, na dawo ban tambaya ba, don kada ya ɗauka kiɗan yana da matsala.

A Lahadin ƙarshe kafin sunan, Yaya ya fita sallar la'asar ya riga ni, ni kuma na tsaya ina son in ji ganguna da bas su kaɗai. Kowane layi yana da wani ƙaramin makunni a sama da ke kashe shi gaba ɗaya. Na kashe na kuge, na sauko da maɓallinsa. Da muka dawo daga masallaci na mance ban mayar ba. Na kunna kaset, Yaya ya zauna, ya dubi tebur, ya yi tsaki, ya tura maɓallin kuge har ƙarshe. Ya rufe ido yana kaɗa kai.

“Yawwa. Ka ji shi yanzu? Haka nake so.”

Babu kuge a ɗakin. Ganguna ne da bas da algaita kawai.

Na bar kiɗan ya yi nisa ina neman yadda zan faɗa. Na tuna yadda yake juyo da fuska gaba ɗaya in ana masa magana, da yadda yake ƙure rediyo, abubuwan da muka saba cewa halinsa ne. A ƙarshe na ce, “Yaya, ina jin kamar layin nan a kashe yake.” Na nuna masa makunnin.

Ya dube shi. Ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, yana karkata kai wajen sipika. Ni ina jin ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa. A fuskarsa ban ga alamar wani abu ya canza ba, ko kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ya ɗan yi dariya.

“Kai, injin nan ɓarawo ne.”

Ban san ko rikodan yake nufi ko na niƙa ba, ban kuma tambaya ba. Ya janye kujerarsa baya.

“To saita shi yadda kake ji. Ni zan zauna.”

Wannan ya fi mini gardamar wuya. Ina turawa sama in sauko, in dube shi, shi kuma yana duban hannuna. Na ajiye kugen a wani wuri ƙasa da tsakiya, na juye a kaset. Ya tambaye ni ko ya yi. Na ce ina ganin ya yi.

An yi sunan ranar Asabar da rana, an tare layi da rumfa da kujerun roba. Mai sipika ya sa kaset ɗin bayan an raba abinci. Wasu mata sun tashi, ba duka ba, amma sun taka har ƙarshe, wata ma ta ce a maimaita. Yaya yana tsaye gab da sipika, ya sunkuyo ya ce mini a kunne, da ƙarfin da na kusa da mu duk suka ji, “Yana ciki?” Na ɗaga masa kai.

Mai sipika ya cika alkawari. Ya ce Yaya ya zo unguwar Madina su gwada tare da mai jita da wata mai waƙa da yake aiki da su. Na so in raka shi, ya ce ba makaranta za shi ba. Ya ɗaure kibod da zani ya hau trotro, motar haya. Ya dawo kafin magariba, ya jingina shi a bayan ƙofa.

“Mutanen kirki ne,” ya ce. “Sun yi haƙuri da ni. In yarinyar ta shiga ba na sani sai na ga bakinta. Ina zuwa a makare.”

Na ce wataƙila in aka sa masa sipika kusa, ko kuma mu je asibiti a duba, don na taɓa karanta cewa wani lokaci datti ne kawai. Mun je daga baya. Ba datti ba ne. An ce ya nisanci ƙara, ya tambaye su ko suna da wani aikin da za su ba shi.

Ranar Litinin bayan zuwansa Madina ya koma injin. Na sayi auduga a kemis na kai masa can, na tsaya a layin mata masu robobin masara har ya hango ni. Na nuna masa da hannu ya toshe kunnuwansa. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya matso ya yi mini ihu cewa in ya toshe ba zai ji lokacin da faifan injin ya fara cin junansa ba, kuma in ya lalace mai injin ba zai yafe masa ba. Ya sa audugar a aljihun riga. Wata mata ta miƙo robarta, ya karɓa ya juye a injin. Na ɗan ƙara tsayawa a wurin, sannan na kama hanyar gida.