Zauna Ƙasa Ka Tashi

Mun tashi da asuba daga Bebeji, ni da ɗana ɗan shekara bakwai da aminina mai tsohuwar mota. Yaron ne dalilin tafiyar. Tun bara yake yawan faɗuwa, ga sha-raɓarsa ta cika kamar ta ɗan ƙwallo, amma hawa dakalin ƙofar gida ya gagare shi. An ce mana akwai wata Farfesa da ta ƙarar da ƙuruciyarta a binciken tsoka da cututtukanta, ta yi ritaya ta dawo yankinmu. Wai tana Kiru.

A Kiru babu Farfesa, ɗalibinta muka tarar, likita a wani ƙaramin asibiti. Ko abin awo bai ɗauko ba, ya ce wa yaron, "Zauna ƙasa ka tashi." Yaro ya zauna, ya juya ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa kamar tsani har ya miƙe. Likita ya ce mu bi Malamarsu Tudun Wada. Shi ke nan fa! Ko ƙwayar magani babu. Raina ya ɓaci.

A Kwanar Dangora muka karya da shayi da soyayyen kifin Tiga, wanda tsadarsa ta sa aminina ya tambayi mai kifin ko a jirgi aka kawo shi.

Tudun Wada ta cika maƙil, ranar kasuwa ce, buhunan shinkafa da masara sun cinye rabin titi. Nan ma Farfesa ta wuce gida Doguwa. Wata mai gashin ƙashi muka samu, ita ma ɗalibarta. Ta ba mu labarin yadda Malamar ta yi shekara da shekaru tsakanin ɓerayen gwaji da madubin likita, tana duba tsokar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce da can irin yaran nan ragwaye ake ce musu, ko a ce iska ce, Malamar ce ta koya wa ɗalibanta su kalli yadda yaro ke tashi. Tana gama bayani ta dubi ɗana ta ce, "Zauna ƙasa ka tashi." Ikon Allah! Ni dai kaina ya ɗaure.

Muka ratsa dajin Falgore, kore shar, shanu na tsallaka titi ba su san da sauri ba. Ina ta hasko gida cike da na'urori. A Doguwa sai muka tarar da dattijuwa mai tabarau a tsakar gida tana shanya masara. Bayan gaisuwa, me kuke zato ta ce wa yaron?

Yana miƙewa ta tafa masa, ta aike shi ya ga tumaki. Ni kuwa na kasa daurewa, na ce, "Hajiya, don Allah, gari uku ana sa shi tsalle-tsalle. Ina maganin?"

Ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, sai an auna jininsa a Kano mu tabbatar. Amma in abin da nake zato ne, na san abin da tsokarsa ta rasa, na sha gani a madubi. Abin da zai mayar da shi ne har na tsufa ban samu ba, kuma ba ni kaɗai ba."

Na ce, "Zai ci gaba da tafiya?"

Ta ce, "Na wani lokaci. Aikinmu mu tsawaita lokacin."

Ta kama hannuna ta koya mini yadda zan riƙa miƙar masa da ƙafa kullum, ta ce akwai maganin da ke rage wa ciwon gudu, kuma ɗalibanta su ne za su bi mu da shi. Na ji tsoro, wallahi.

Mun iso gida bayan magariba. Har yanzu ban san ko nasara muka yi ko akasinta ba. Abin da na koya dai, ilimi na iya kai mutum ya san ciwo ciki da bai, ya kuma gaya maka gaskiya cewa bai da maganinsa.

Uwarsa ta tare mu a soro, idonta a kan hannuna, babu ledar magani. Kafin in buɗe baki yaron ya zube ƙasa ya ce, "Umma, kalli abin da Farfesa ta tafa mini!" Ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, ya miƙe yana dariya. Ita ma ta tafa masa, sannan ta juyo ta dube ni.