Hular Jirgin Mato

Ku matso kusa, ku bar surutu. Wannan ba tatsuniya ba ce. Tafiya ce na yi da ƙafata, na sa a rubuta.

Ubana Abdu ban san fuskarsa ba. Ina goye Faransa suka ɗebe shi, shi da amininsa Mato, lokacin babban yaƙin Turawa. Aikinsu zuba gawayi a wutar wani jirgin ruwa na yaƙi. Bom ya faɗa kan bututun hayaƙin ya toshe shi, hayaƙi ya koma ƙasa. Mato ya fito. Ubana bai fito ba.

An ce jirgin har yau yana ɗaure a bakin teku, ana shafa masa fenti. Mato ya ce su da fenti, shi da laka. Ya gina nasa jirgin a kwarin Tarka, ya binne shebur ɗin ubana a ciki. Kabarin da nake da shi ke nan. Wasiyyar Mato biyu ce: a yi yaɓe duk shekara, kada kuma a rufe bututun.

Bana, tun farkon bazara, numfashi ya riƙa tsaya mini a maƙogwaro. Likita bai ga komai ba. Sai wata mai tallan cuku ta ce mini Sani, jikan Mato, ya gyara jirgin tsaf, har hula ya sa masa.

Daga Tanut

Ana sallame asuba na fita, ranar Talata. Motar kasuwa ce, an ɗora ni gaba saboda tsufa. A shingen bakin gari jandarma ya duba takardata, ya tambayi inda za ni. Na ce duba jirgin ruwa. Direba ya ce, "Inna, a nan rairayin Damargu? Ki riƙe mini wuri, ni ma zan shiga." Jandarman bai yi dariya ba. Ya miƙo mini takardar da hannu biyu.

Gangara

Da hantsi muka tsaya. Na sayi fura, kurɓi biyu na iya. Tari ya hana sauran.

Belbeji

Mun isa da azahar. Daga nan amalanken jaki, cikin rairayi, har la'asar.

Kwarin Tarka

Ga jirgin can tsakanin ƙayoyi, tsawon ɗaki uku, yaɓensa sumul. A bisa bututun an kife hular ciyawa irin ta rumbu, an liƙe bakin da laka. Sani ya tarye ni da murna, yana cewa bara ruwan sama ya zuba ta ramin, shi ya sa ya rufe. Yaron kirki ne. Rumbu ya sani, bai san jirgi ba.

Na ce, "Sani, akwai mutum a ƙasa."

Ya dube ni, ya dubi jirgin, ya ɗauko tsani. Da ya fasa lakar da gatari, wata iska mai ɗumi ta fito a hankali, ta daɗe tana fita, kamar numfashin wanda ya ajiye kaya daga ka. Jakin ya ja baya. Ƙirjina ya buɗe.

Sani ya sauko yana cewa zafin bazara ne ya taru a ciki. Na ce to. Sai na nuna masa hannayensa: baƙi ƙirin da kunkunniyar hayaƙi. Ba a taɓa hura wuta a jirgin nan ba.

Komawa

Na kwana wurin matarsa, na ci tuwon gero har na nemi ƙari. Laraba da magariba ina gida. Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya ɗauke ni.

Direba yana nan yana ba da labarina a tasha. Hular tana kan rumbun Sani. Shi kuwa ya yi wa bututun rumfa mai tsawo, ruwa ba ya shiga, iska tana fita. Ba ya kuma bari a jingina da bangon jirgin. Ni tari ya tafi. Sai dai 'yata ta ce idan na kwanta barcin rana, numfashi biyu take ji a ɗakin.